Bayanin Tawali'u da Kalmar da Turawa Ke Kiransa da Ita

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci Adamu daga ƙasa, Ya sanya ƙasa shimfiɗa ga 'ya'yansa suna raye, kuma makwanci gare su bayan mutuwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wagga 'yar takarda ce zuwa ga 'yan'uwa almajirai da muridai na Gidan Igwai da sauran unguwannin birnin Shehu, Allah Shi kiyaye mu da su. Dalilin rubuta ta shi ne, tun shekarar 1903 da Turawan Ingila sunka ci Sakkwato harshensu ya zauna cikin ƙasarmu, har yau da shi ake aiki ga ofisoshin gwamnati da makarantun boko. 'Ya'yanmu suna karatu da shi, suna rubuta takardun neman aiki da shi. Cikin kalmomin da ke yawo bisa harsunansu akwai wadda ake cewa humiliti, ana fassara musu ita da tawali'u. To, mas'ala biyu ta taso. Ta farko, shin abin da Bature ke nufi da kalmarsa shi ne abin da malaman tasawwufi ke nufi da tawali'u? Ta biyu, shin ya kamata muridi shi kira kansa mai tawali'u, ko da baki ko da alƙalami, kamar yadda ake yi cikin takardun zamani? Muna roƙon Allah Shi datar da mu ga amsa.

Fasali na 1: Asalin kalmar

Ku sani, ya 'yan'uwana, kalmar humiliti baƙuwa ce cikin Ingilishi, kamar yadda tawali'u yake baƙo cikin Hausa. A shekarar 1066 ta Miladiyya mutanen Nomandi daga arewacin Faransa sunka ci Ingila, harshen Faransanci ya zama harshen sarakuna da alƙalai can, kalmominsa masu yawa sunka shige cikin Ingilishi. Wagga kalma tana cikinsu, an fara ganinta cikin rubutun Ingilishi wajen farkon ƙarni na 14. Su kuwa Faransawa sun gaje ta daga Latin, harshen Rumawa. Ga Latin, ƙasa wadda ake takawa, ake shuka cikinta, sunanta humus. Daga nan sunka fitar da humilis, ma'anarsa abin da ke kusa da ƙasa, gajere, marar tsawo. Mafi yawan masana asalin kalmomi suna ganin sunan ɗan Adam ga harsunan nan, wanda Ingilishi ke cewa hiyuman, daga wannan tushe ya fito. Haka kuma wasu malamanmu na tafsiri sun ce an kira Adamu da sunansa domin an halicce shi daga adimul ardi, wato fatar ƙasa.

Rumawan farko ba su ɗauki humilis yabo ba. Da shi suke siffanta bawa, da matalauci, da wanda ba shi da asali. Sai da addinin Nasara ya bazu cikinsu kalmar ta juya ta zama sunan hali na kirki. Wani rahibi na ƙasar Italiya mai suna Benedik, cikin ƙarni na 6, ya tsara ma masu zaman ibada na gidansa matakai 12 na wanga hali. Amma Turawa ba su haɗu bisa yabonsa ba. Wani mai falsafa na ƙasar Sikotilan, Dauda Hiyum, wanda ya mutu 1776, ya lissafa shi cikin halayen rahibai waɗanda yake ganin ba su amfanin mutum ko jama'a. Saboda haka kalmar tana ɗauke da yabo da raini tare tun asalinta. Daga tushenta ne kuma sunka fitar da humiliyeshan, ma'anarsa wulaƙanci da tozartawa. Ku riƙe wanga, zama za mu komo gare shi.

Fasali na 2: Kalmomin da ke hannunmu

Tawali'u daga Larabci yake, tawadu'u, daga wada'a, wato ya ajiye abu ƙasa. Harafin ladi shi ne ya koma lam bisa harshenmu, kamar yadda ya koma cikin alƙali, da alwala, da larura, da farilla, da lamiri. Hausa kuwa tana da nata: ƙanƙan da kai, daga ƙanƙane, da ƙasƙantar da kai, daga ƙasa. To dubi, ya kai almajiri, harsuna 3, na Rumawa da na Larabawa da namu, ba su yi shawara da juna ba, amma kowane ya nemi sunan wanga hali ya same shi wajen ƙasa. Wannan aya ce ga mai hankali, zama mutum duk inda yake ya san daga ina ya fito, ya san inda za a mai da shi.

Dubi fadamar gulbin Rima da ke kusa da mu. Ruwan sama yana sauka bisa tudu da kwari bai ɗaya, amma tudu ba ya riƙe shi, kwari ke tara shi. Can ake samun shinkafa da albasa da alkama sa'ad da tudu ya bushe. Hakanan wa'azi da zikiri ke sauka bisa zukatan waɗanda ke zaune majalisi guda, wani shi tashi da albarka, wani shi tashi kamar yadda ya zo. Malami guda ne, karatu guda ne, wurin da ruwa ya samu ne ya bambanta.

Amsar mas'ala ta farko ke nan ta fara bayyana: ga asali, kalmar Bature da tamu sun haɗu. Saura mu duba yadda ake aiki da ita.

Fasali na 3: Yadda ake aiki da ita

Masu harshen suna aiki da ita ta fuska 3. Fuska ta farko, su siffanta wani da ita, suna nufin ba ya ganin kansa bisa mutane, yana karɓar gyara, ya san iyakar saninsa. Wagga fuska kyakkyawa ce, ta yi kusa da abin da muke nufi. Abin da ya rage mata guda ne, ba ta faɗin domin wa aka yi. Bature yana iya yabon mutum da ita ko da mutumin bai san Ubangijinsa ba. Mu kuwa tawali'u gare mu reshe ne, tushensa sanin girman Allah, kuma ladarsa tana rataye ga niyya.

Fuska ta biyu, su sanya ta cikin takarda don ladabi. Mutanen Ingila na da sukan rufe wasiƙa da kiran kansu bara mai ƙanƙan da kai ga wanda sunka rubuta ma, ko da kuwa abokin gaba ne. 'Ya'yanmu sun gaji wannan, suna buɗe takardar neman aiki ko neman izini da cewa suna roƙo cikin ƙanƙan da kai. Wannan al'adar rubutu ce, hukuncinta hukuncin gaisuwa. Babu laifi ga wanda ya rubuta ta don ladabi, matuƙar bai ɗauka cewa rubuta ta ya sa ya zama hakanan ba, kuma bai haɗa ta da ƙarya ko fadanci ba.

Fuska ta uku, mutum shi sami muƙami ko lambar girma, shi tsaya gaban taro shi ce abin ya ƙanƙantar da shi, ko shi ce ga ra'ayinsa ƙanƙane, alhali ba ya yarda a saɓa masa. Nan ne wurin tsoro. In zuciyarsa ta ji nauyin amana da gaske, Allah Ya san ta. In kuwa yana son a ce masa ga babba kuma ga tawali'u, to ya nemi yabo biyu da kalma guda.

Kada ɗayanmu shi ce wannan cutar 'yan boko ce. Mu ma muna rubuta alfaƙiru, da miskini, da mai yawan zunubi ƙarƙashin takardunmu. Magabata sun rubuta haka suna kuka. Wanda ya rubuta shi yau shi gwada kansa: in wani ya kira shi da sunan da ya kira kansa, ya ce masa kai mai zunubi, kai jahili, shin fuskarsa za ta sauya? In ta sauya, to bai gaskata abin da hannunsa ya rubuta ba.

Shaihu Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu Alƙahira shekara ta 709 ta Hijira, 1309 ta Miladiyya, ya yi tanbihi bisa wannan cikin Hikam. Abin da maganarsa ke nunawa shi ne, ba a saukowa sai daga bisa, to mai shaida ma kansa cewa ya sauko ya riga ya shaida ma kansa cewa bisa yake. Amsar mas'ala ta biyu ke nan: muridi shi yi aiki da tawali'u, shi bar ba kansa sunan. In larurar takarda ta sa ya rubuta, shi rubuta da hannu, zuciyarsa tana neman gafara.

Fasali na 4: Bambancin tawali'u da ƙasƙanci

Mun ce daga tushe guda Turawa sunka fitar da kalmar tawali'u da kalmar wulaƙanci. Hausa ma haka, ƙasƙantar da kai da ƙasƙanci 'yan gida ɗaya ne. Saboda kusancinsu mutane da yawa sun ruɗe, har wani yana zaton duk wanda ya sunkuya mai tawali'u ne.

Imamu Gazali, wanda ya rasu 505 ta Hijira, 1111 ta Miladiyya, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddini ga zargin girman kai da ujubu. Ya bayyana cewa tawali'u tsakiya ne, gefensa guda girman kai, gefensa ɗaya zubar da kai. Duka gefen biyu abin zargi ne, ko da yake na girman kai ya fi muni. Mumini ba a ba shi izinin wulaƙanta kansa ba, zama ransa amana ce, kuma ilmin da ke ƙirjinsa amana ce.

Ibnu Baɗuɗa ya shiga ƙasar Mali shekarar 1352, zamanin Mansa Sulaimanu, ya ga mutane suna zuba ƙasa bisa kawunansu da bayansu in sarki ya yi musu magana. Irin wagga al'ada ta kasance ga fadodin ƙasar Hausa, kuma malaman jihadi sun yi hani gare ta, sun yi hani ga sunkuyawa irin ta ruku'u wajen gaisuwa. Dubi, ƙasa ce ga kan mai afi gaban sarki, ƙasa ce ga goshin mai sujada gaban Allah. Guda ta ƙasƙantar da shi, guda ta ɗaukaka shi. Abin da ya raba su shi ne domin wa aka yi.

Ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo muna da misali bayyananne. A shekarar 1788, ranar babbar salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami, ya raba musu kyauta. Shehu bai karɓi dukiyar da anka ba shi ba. Maimakonta ya nemi abu 5: a bar shi shi kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kada a nauyaya ma talakawa haraji. Sarki ya amsa masa. Wanda ya yi wannan tsayuwa gaban mafi ƙarfin sarakunan zamaninsa shi ne wanda ke zama da makiyaya da manoma da mata yana karantar da su da harshensu, Fulatanci da Hausa. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta 1812, cewa in Shehu zai fita wa'azi yakan tsaya kaɗan kafin shi iso wajen jama'a, yana sabunta niyya da alkawarin yi domin Allah. Da wanga za ka gane cewa tsayuwarsa gaban sarki da zamansa tare da talaka daga rijiya guda sunka fito.

Hakanan ƙanensa Malam Abdullahi, da ya ga son sarauta da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu cikin jama'a, ya bar rundunar wajen shekarar 1807 da nufin tafiya gabas. Mutanen Kano sunka tsai da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Shi babban waziri ne lokacin, amma muƙami bai yi masa nauyin da zai kasa ajiye shi ba.

To, ya kai muridi, in ka ga kanka kana durƙusa ma mai kuɗi fiye da yadda kake yi ma dattijo matalauci, kana tausasa murya ƙofar mai mulki kana ɗaga ta ga mai ga-ruwa, kana yabon azzalumi bisa abin da ka san ƙarya ne domin abin hannunsa, to kada ka kira shi tawali'u. Sunansa kwaɗayi. Girmama shugaba da ladabi gare shi shari'a ta yi umurni da su, amma ba ta yi umurni da ɓoye gaskiya domin su ba.

Fasali na 5: Ga wa ake yin tawali'u

Ana yinsa ga wuri 3. Na farko ga Allah Maɗaukaki, da bin umurninsa da barin haninsa da ganin cewa duk alherin da ke hannunka aro ne. Saɓo na farko da anka yi ma Allah girman kai ne. An ba mu labari cikin Suratul A'arafi da Suratu Sad cewa Iblis ya ƙi sujada ga Adamu domin ya auna wuta da yumɓu, ya ga tasa ta fi. Wato abin da ya raina shi ne ƙasa. Shi ko Adamu da ya yi kuskure ya amsa laifinsa ya nemi gafara, anka karɓi tubansa. Cikin Suratul Ƙasasi kuma an ba mu labarin Ƙaruna, wanda ya jingina dukiyarsa ga saninsa, sai ƙasar da yake taƙama bisanta ta haɗiye shi da gidansa.

Na biyu ga gaskiya. Ya zo cikin Sahihu Muslim, daga Abdullahi ɗan Mas'udu, cewa girman kai ko gwargwadon ƙwayar zarra yana hana shiga Aljanna. Da wani ya yi tambaya game da mai son tufa da takalmi masu kyau, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya bayyana cewa wannan ba shi ne girman kai ba, ya mai da girman kai ga abu biyu: ture gaskiya da raina mutane. Saboda haka ana samun mai girman kai cikin tsumma, ana samun mai tawali'u cikin alkyabba. An ruwaito cewa an yi ma Imamu Malik, wanda ya rasu 179 ta Hijira, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba ga 32 daga cikinsu, alhali shi ne limamin Madina. Wane ne cikinmu ke iya faɗin haka gaban almajiransa sau guda ga mako?

Na uku ga bayin Allah. An siffanta bayin Mai rahama cikin Suratul Furƙani, aya ta 63, da tafiya bisa ƙasa cikin sauƙi da mai da magana ta aminci ga wawaye. Cikin Suratu Luƙmana, aya ta 18 da ta 19, an yi hani ga karkatar da fuska ga mutane da tafiyar taƙama da ɗaga murya. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ɗauki tubali tare da sahabbansa wajen ginin masallacin Madina, ya kwashi ƙasa tare da su wajen haƙar Handaƙu shekara ta 5, yana gyara takalminsa, yana ɗinke tufarsa, yana taimakon iyalinsa cikin gida. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8, ya shiga garin da ya fitar da shi, kansa sunkuye bisa taguwarsa don godiya ga Ubangijinsa.

Fasali na 6: Ƙofofin da girman kai ke shigowa ma mai ɗariƙa

Imamu Gazali ya lissafa abu 7 da mutane ke girman kai da su: ilmi, da ibada, da asali, da kyau, da ƙarfi, da dukiya, da yawan mabiya. Mai ɗariƙa ya fi jin tsoron 4 daga cikinsu. Ilmi, shi ga cewa ya sauke littattafan da wane bai sauke ba. Ibada, shi ga cewa yana tashi wuridi sa'ad da maƙwabcinsa ke barci. Asali, shi ce ni jikan wane ne, kakana ya yi hijira tare da Shehu zuwa Gudu shekarar 1804, alhali an gaya muna cikin Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa fifiko wajen Allah da taƙawa yake. Mabiya, shi riƙa ƙidayar takalman da ke ƙofar zaurensa yana gwada su da na ƙofar wani.

Akwai kuma ƙofa ɓoyayya, ita ce girman kai da shaihu. Mutum shi ce ni ba kowa ba ne, amma shaihuna ya fi shaihun kowa, ɗariƙata ta fi ɗariƙar kowa, sa'an nan shi raina duk wanda ba ya zama zawiyarsa. Wannan ya fitar da girman kai ta ƙofar gida ya shigo da shi ta bayan danga. Shaihu Abdulƙadir Jilani ya rasu Bagadaza shekarar 1166, Shaihu Ahmadu Tijjani ya rasu Fas shekarar 1815, Allah Shi yarda da su, kowanensu ya tafi da aikinsa. Son su da bin su alheri ne, amma darajarsu ba gado ba ce da za ka yi ma Musulmi ɗan'uwanka gori da ita. Ba ka san da me za a cika maka ba, ba ka san da me za a cika masa ba.

Fasali na 7: Ma'auni da magani

Tun da harshe ba shaida ba ne ga wanga hali, ga abin da muridi zai auna kansa da shi, shi kaɗai, ba da sanin kowa ba. In yaro ko wanda ba ka so ya gyara maka karatu gaban mutane, kuma gaskiya na tare da shi, shin za ka karɓa ka gode masa? In ka iso majalisi an cika, shin za ka zauna inda ka sami wuri? In ka sayi gero kasuwa babu mai ɗaukar maka, shin za ka ɗauka da kanka? In an ambaci sa'anka da yabo an manta da kai, me ka ji cikin ƙirjinka? Shin kana fara sallama ga ɗan kabu-kabu da almajiri mai ƙoƙo? Shin matarka da 'ya'yanka da mai yi maka aiki sun san fuskar nan da baƙi sunka sani? Wagga ta ƙarshe ita ce mafi tsanani, zama tawali'un waje yana da masu kallo, na cikin gida ba shi da su.

Maganinsa ilmi ne da aiki. Ilmi shi ne ka yawaita tunani cikin farkonka da ƙarshenka: ɗigon ruwa ne farkonka, gawa ce ƙarshenka, tsakaninsu sauro guda yana kwantar da kai mako. Ka ziyarci maƙabarta, ka dubi ko za ka iya rarrabe ƙasar attajiri da ta bara. Aiki kuwa shi ne ka tilasta ma ranka abin da yake ƙyama na halal: share masallaci, jera takalman 'yan'uwa, ɗebo ruwan alwala ga tsofaffi, ziyarar marar lafiya wanda ba shi da kowa, tambayar abin da ba ka sani ba ga wanda ya fi ka ƙuruciya. Ka yi wannan inda ba a ganinka gwargwadon iko, domin kada riya ta shigo ta ɓata shi.

Dubi majema na garinmu yadda suke yi da fatar jar akuya. Sai an jiƙa ta, an kankare gashinta, an tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, an murza ta, an shanya ta, kafin ta yi laushin da za a yi gafakar Alƙur'ani da ita. Fatar da ba ta sha jima ba, in ta bushe ƙanƙarewa take yi, in ta jiƙe wari take yi. Haka ran ɗan Adam yake hannun tarbiyya. Don haka ne Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu 465 ta Hijira, ya haɗa hushu'i da tawali'u babi guda cikin Risalarsa, zama laushin zuciya gaban Allah shi ke haifar laushin hali gaban bayinsa.

Mas'ala

In ka ce: zamani ya sauya, wanda bai faɗi gwanintarsa ba yau ba a ba shi aiki, shin tawali'u ba zai hana 'ya'yanmu abinci ba? Sai mu ce: faɗin abin da ka iya, wurin da ake bukatarsa, da gaskiya, ba ya warware tawali'u. Annabi Yusufu, aminci shi tabbata gare shi, ya nemi a ɗora shi bisa taskokin Masar, ya ambaci amanarsa da saninsa, kamar yadda ya zo cikin surarsa, aya ta 55. Abin da ke warware shi shi ne ƙari bisa gaskiya, da rage ma wani domin ka ɗaukaka, da mantawa da wanda Ya ba ka. Likita shi ce ni likita ne, magini shi ce na iya gini, mahaddaci shi ce na haddace, sa'an nan kowane shi gode ma Allah shi riƙe amana. Wanda ya ɓoye iyawarsa har anka ba da amanar jama'a ga wanda bai iya ba, yana cewa tawali'u ya hana shi, to ya cuci jama'a.

In ka ce: shin ana yin tawali'u ga wanda ba Musulmi ba, ko ga mai saɓo? Sai mu ce: ana ƙin saɓo, ana ƙin kafirci, amma ba a ba ka izinin ganin kanka tsirarre ba. Ka yi masa adalci, ka kyautata maƙwabtaka, ka karɓi gaskiya in ta fito bakinsa. Umaru ɗan Haɗɗabi ya taɓa fita da takobi yana nufin Annabi da sharri, ya ƙare kwance kusa da shi cikin ɗaki guda a Madina.

Cikawa

Abin da ya tattara wagga takarda shi ne: kalmar Turawa ta haɗu da tamu ga asali, zama duka sun koma ga ƙasa, kuma ta haɗu da ita ga kyakkyawar fuskarta. Wanda zai fassara ta ga yara shi fassara ta da tawali'u ko ƙanƙan da kai, sa'an nan shi ƙara musu abu 3 da kalmar ba ta faɗi da kanta: a yi shi domin Allah, kada a gauraya shi da kwaɗayi da ƙasƙanci, kada mutum shi shaida ma kansa da shi. Ya zo cikin Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, albishir cewa ɗaukaka daga Allah ita ce sakamakon mai tawali'u dominsa. Amma kada ka yi shi domin a ɗaukaka ka cikin mutane, zama wannan ciniki ne, kuma mai ciniki an biya shi tun duniya.

Ya Allah Ka sanar da mu girmanka har mu san ƙanƙancinmu, Ka tsare mu daga girman kai da ujubu da riya, Ka wadatar da mu da ƙofarka ga barin ƙofar waninka, Ka yi muna kyakkyawar cikawa, mu da iyayenmu da malamanmu da dukan Musulmi. Allah Shi ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin da babu annabi bayansa. Amin.